Kifi Mai Riga

Kwana tara ke nan Malam Sallau bai haɗiyi abin da ya fi ruwa kauri ba. An dama masa koko ya kau da kai, an yi kunun tsamiya ya ce wari yake masa, an yanka budurwar kaza an yi farfesu har maƙwabta suna haɗiyar yawu, shi kuwa ya dubi kwanon ya mai da idonsa rufin ɗaki. A asibitin Kura, ma'aikacin da ya duba shi bai ɓoye wa 'yarsa Hafsatu komai ba. Ya ce ƙwayoyin da ya rubuta ba sa zama a cikin da babu komai. In ya ci abinci akwai sauran magana, in kuwa bai ci ba, su koma gida su yi ta addu'a. Suka ɗauko shi suka dawo ƙauyensu da ke bakin babban kanal a hanyar Bunkure, ga zafin bazara kamar a tsaga ƙasa a shige.

Hafsatu ita ce 'yarsa ta fari. Tana aure a wani ƙauye gaba da Kura, ta bar 'ya'yanta uku wurin uwar mijinta ta taho jinya, don mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, gidan kuma ba kowa sai Inno, yayar Sallau, wadda gwiwoyinta sun daɗe da ajiye aiki amma bakinta yana nan garau. Shekara talatin da biyu Hafsatu take da su a duniya, ubanta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa duban tsabar idonta ya yi mata magana ba. Kunyar 'yar fari ce, kowa ya san ta, amma ta Sallau ta fi ta kowa. Ko tana tsaye a kansa da kofi a hannu, sai ya juya ya ce, "Inno, gaya wa waccan ta ajiye." Ita ma ba ta taɓa jin haushi ba, haka ta taso ta gani.

Ciwon yana da lokacinsa. Da safe yana kwance kamar ba ya numfashi, da an yi azahar sai zazzaɓin ya sake shi, idonsa ya washe, ya yi magana kamar mai lafiya. Kafin la'asar ta yi sanyi kuwa jikin ya sake ɗaukar wuta, maƙogwaro ya rufe, ko ruwa sai da cokali. A irin wannan ɗan tsakanin ne, ranar kwana na goma, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Inno, da zan sami kifi mai riga, da na ci."

"Kifi mai me?" in ji Inno. "Sallau, ciwon ya fara hawa kai ne?"

Ya yi ɗan murmushi, ya ba ta labari. Yana saurayi, kafin a haƙa kanal ɗin nan, kafin kowa ya san noman rani, ya yi yaron mota a wata babbar mota mai kai albasa Garwa ta ƙasar Kamaru. A can kusa da gadar kogi akwai wata mata mai suya. Takan murza ƙullin fulawa ya yi faɗi, ta zuba dagargajajjen kifi da ya sha albasa da attarugu da citta, ta naɗe shi kamar tabarma, ta jefa a mai. In ka ciza sai ya ce ƙaras, tururi ya buge ka. Ya ce shekara arba'in da wani abu bai sake ganinsa ba, amma kwana uku ke nan ƙanshin yana hancinsa.

Hafsatu tana bayan ƙofa tana ji, murna ta kama ta. Mutumin da ya ƙi kaza yau shi ne yake neman abu da bakinsa! Ko mayafi ba ta gyara da kyau ba ta nufi tafkin da ake tara ruwan kanal, wurin Hambali mai kamun kifi, ta samo karfasa huɗu. Washegari ta kwaɓa fulawa yadda ta iya, wato da yis kamar ta fanke, ta cusa kifin a ciki ta jefa a kasko. Kai, abin ba kyan gani! Ƙullin ya kumbura ya fashe, kifin ya watse a cikin mai, man ya yi tsalle ya sauka a wuyan hannunta har ya tashi. Duk da haka ta zaɓi biyu masu ɗan mutunci ta kai. Sallau ya dube su ya daɗe, sannan ya ce, "Inno, gaya mata wannan fanke ne ya haɗiye kifi." Bai taɓa ba.

Ta koma madafi ta yi kukanta ta share. Da la'asar ta hau acaɓa zuwa Bunkure wurin Rifkatu, wata Kirista da ke sayar da cincin da kek a ƙofar makarantar firamare. Hafsatu ba ta gama bayani ba Rifkatu ta tafa hannu.

"Ai na san shi! Matar wani bakanike ɗan Kamaru mai gyaran injin ban ruwa ce ta koya mini, kafin su tashi. Yis kika sa? Haba 'yar'uwa, ai kin kashe shi tun a kwano."

Ta zaunar da ita a benci ta karanta mata tiryan-tiryan. Ba yis. A murje bota a cikin fulawa da yatsu har ta koma kamar tsaki, ɗan gishiri, ɗan sukari kaɗan, a kwaɓa da ruwan randa mai sanyi, ƙullin ya yi tauri, a rufe shi ya huta. Kifin a soya shi da albasa har ruwansa ya ƙone ƙurmus, don ruwa shi ne yake fasa riga. A murza da kwalba har ya yi sirantar da za ki hango inuwar yatsunki ta bayansa. Wuta kuma kada ta yi yawa. Ta yanko mata bota daga nata gwangwanin ta ƙulle a leda, ta ce Allah ya ba Baba lafiya.

A hanyar dawowa ne Hafsatu ta yi abin da ya tsaya mata a rai har yau. Mijinta Yusha'u, tunda aka kwantar da surukinsa bai leƙo ba. Ba mugun mutum ba ne, albasarsa ce ta isa cira, ga layin ruwan ban gona in ya wuce ka sai wani makon. Amma matan da ke zuwa dubiya ba ruwansu da layin ruwa. Kowace in ta tashi tafiya sai ta ce, "Maigidan naki fa, lafiya dai ko? Ba mu gan shi ba." Maganar ta ishe ta. Sai ga wani ɗan acaɓa na ƙauyen mijin nata a tasha, ta tsai da shi ta ce, "Ka gaya wa Baban Binta, in sai ranar jana'iza zai zo, to ya yi zamansa, mun yafe." 'Yan acaɓan da kullum sai sun manta saƙo, wannan ɗan albarka bai manta ko kalma ɗaya ba, har da ƙari ya yi.

Ranar kwana na goma sha biyu tun hantsi ta fara. Ta sake karɓo karfasa wurin Hambali, ta tafasa, ta baje a faranti, ta zauna tana bin tsokar da yatsa tana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san karfasa ya san wannan aiki ne, ƙayarta siriri ce kamar gashi, ga maƙogwaron da za ta bi ya riga ya ƙuntace. Sau uku tana bi, sannan ta sake murje tsokar a tafin hannu ta tabbatar. Ta yanka albasa ƙanana-ƙanana, ta daka attarugu ɗaya tak da citta da tafarnuwa, ta soya har kifin ya bushe ya yi ja. Ƙullin ya huta a ƙarƙashin jiƙaƙƙen ƙyalle. Ta wanke bayan tire, ta barbaɗa gari, ta ɗauki kwalbar lemo tana murzawa, gumi yana ɗiga daga haɓarta tana kau da kai kada ya sauka a kai. Na farko ya yage. Na biyu ta ɗaga shi sama ta hango yatsunta, ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta zuba kifi a gefe, ta naɗe, ta shafa ruwa a baki ta manne.

Guda bakwai ta samu. Ba ta sa su a mai ba sai da ta ji ladan ya kira azahar, don tana so su fito daidai da sakin zazzaɓin. Suka shiga mai suka yi ta 'yan ƙananan kumfa, ba wanda ya fashe, ba wanda ya buɗe baki. Suka yi ja kamar bayan gurasa. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, wai kada ta rage masa.

Inno ta riga ta jingina shi da bango, ta sa masa filo a baya. Tun kafin kwanon ya iso ɗakin, hancinsa ya buɗe. Hafsatu ta durƙusa ta ajiye, ta ɗaga murfin, ta ja da baya zuwa bakin ƙofa. Wallahi ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya dubi kwanon, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Inno, ba ni ruwa in wanke hannu." Kwana goma sha biyu ba a ji wannan magana a gidan ba. Ya wanke, ya yi bismilla, ya miƙa hannu.

Sai ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama a zaure.

Yusha'u ne. Ya sha farar riga ta sallar Juma'a alhali ranar Laraba ce, ga ledar lemon zaƙi a hannu. Tun daga tsakar gida ya tuɓe takalmi, ya zo bakin ƙofar ɗakin ya tsuguna, kansa a ƙasa. Ko inda matarsa take bai duba ba, ita ma ta zame ta koma madafi, don ba a haɗa ido da miji a gaban uba. Sallau kuwa ya janye hannunsa a hankali, ya goge a jikin riga, ya lalubo hula ya ɗora. A ƙasar nan mutum ba ya tauna a gaban surukinsa, balle mijin 'yar fari.

Aka yi gaisuwa, aka sake gaisuwa. Ya jiki, ya gida, ya yara, ya aka ji da zafi. Yusha'u ya ba da haƙurin rashin zuwansa, Sallau ya ce haba Malam, ai ba komai, aiki ne. Daga nan ya ce, "Inno, a miƙa wa Malam abinci, ya sha hanya."

Inno ta dube shi kamar ta mare shi, amma ta tura kwanon tsakiyar ɗaki.

"Alhamdu lillahi Baba, a ƙoshe nake," in ji Yusha'u. Ƙarya yake, tun kokon safe bai sa komai a ciki ba, amma shi ma yaya za a yi ya buɗe baki ya tauna a gaban uban matarsa? Kwanon ya zauna a tsakaninsu yana tururi, wannan yana kallon tabarma, wancan yana kallon rufi.

Suka shiga hirar albasa. Nawa buhu yake a bana, su wa suka yi asara, yaushe aka ce za a rufe ruwa don gyaran kanal. Da ma a ce gaisuwa ce irin ta kullum, da minti goma ya tashi. To amma saƙon jiya yana cinsa. An ce albasa ta fi masa suruki, don haka ya ƙudura a ransa yau sai duk wanda ya wuce ya ga baburinsa a ƙofar gidan nan har la'asar. Ya gyara tsuguno ya koma zama sosai.

"Malam Yusha'u," in ji Inno, "ko za ka leƙa masallaci? Na ji kamar ba a daɗe da tayarwa ba."

"Ai na yi a hanya, Inno."

"To ko za ka ɗan sha iska a zaure, ɗakin nan da zafi."

Ya yunƙura kamar zai tashi, sai Sallau ya ɗaga hannu. Ya gane inda yayarsa ta dosa, kuma a wurinsa gara yunwar da a ce an fitar da surukinsa don ya cika ciki. "Zauna abinka, Malam. Ka ce tsutsa ba ta taɓa muku tumatir ba bana?"

Hafsatu tana madafi, ta cikin ɓular zana tana hango komai. Tana ganin kwanon, tururin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Ƙuda ya sauka a kai Inno ta kore shi ta mai da murfi. Tana kuma ganin inuwar katanga tana rarrafowa tsakar gida, ta san sarai in ta taɓa gindin rumbu zazzaɓi ya dawo, kwana goma sha biyu tana auna shi da ita. Ta yi tari, ba wanda ya juyo. Ta saki murfin tukunya da gangan ya yi ƙara, Yusha'u ya ɗan ɗaga kai ya mayar. Muryar ubanta ta fara shaƙewa, yana magana yana hutawa, amma bai fasa tambayar kuɗin taki ba. Haushin mijinta ya cika ta, da haushin ubanta, da na kanta da ta aika saƙon, ga tsoro ya fi su duka.

Inuwa ta rage taki ɗaya ta kai rumbu. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Sai ganinta aka yi a bakin ƙofa, ba mayafi, hannu duk gari.

"Don girman Allah ka tashi ka fita!" Muryarta har maƙwabta. "Ka fita ya ci abinci! Kwana goma sha biyu bai ci ba, kai ba ka gani ne? Mutuwa zai yi kana zaune kana lissafin albasa!"

Inno ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi." Yusha'u ya miƙe, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba," ya fita da baya da baya, takalminsa ma a hannu ya ɗauka. Aka ji babur ya tashi.

Hafsatu ta faɗa ɗakin da gwiwoyinta, ta buɗe kwanon, ta gutsuro ɗaya ta miƙa. Da sauran ɗumi a cikinsa. "Baba, ga shi. Baba, ko loma ɗaya."

Sallau bai dubi hannunta ba. Fuskarsa ta yi wani irin duhu. Ya zame daga jikin filon da kyar, ya juya ya fuskanci bango.

"Inno," ya ce, "ni aka korar wa suruki saboda loma? A gidana? Gobe a ce Sallau ya tsufa ya zama mayunwaci, 'yarsa tana daka wa mijinta tsawa a kansa." Ya yi ta haki. "Gaya mata na ƙoshi."

Inno ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira shi da sunan da uwarsu take kiransa yana yaro, ta ce shi da girman kansa su je su ƙarata. Ko motsi bai yi ba. Kafin a kira la'asar jikin ya ɗau wuta, haƙoransa suna haɗuwa. Hafsatu ta rufe kwanon ta ɗora a kan randa inda ya fi sanyi.

Washegari zazzaɓin ya wayi gari da ƙarfi fiye da yadda ya saba. Da hantsi dai ya buɗe ido, ya motsa baki, Inno ta kai kunnenta. Ta ɗago da hawaye ta ce, "Wai ina abin nan na jiya."

Hafsatu ta ruga ta hura wuta, ta ɗumama ɗaya a kasko, ta dawo tana hura shi da baki. Ta ɓare rigar ta ɗebo tsokar kifin kaɗan, abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta sa masa a kan harshe. Ya rufe baki. Suka zuba wa maƙogwaronsa ido, ita da Inno, suna jira ya motsa. Ya yi ƙoƙari, sun ga ya yi, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Abin bai wuce ba. Da ta ga numfashinsa yana sarƙewa, dole ta sa yatsa ta zaro shi, ta goge masa baki da gefen zaninta. Bai sake cewa komai ba, kuma ana kiran azahar rai ya yi halinsa.

Aka kai shi da la'asar. Yusha'u yana cikin masu ɗaukar makara, ya yi kuka sosai, don yana son surukinsa. Mata suka cika tsakar gida, kowace da abin da za ta ce. Allah sarki Malam Sallau, mutum mai kunya, mai kara, irinsu sun ƙare. Wata ta ce ai mijin Hafsatu ya kyauta, an ga baburinsa jiya ya daɗe a ƙofa, Allah ya sa sun rabu da alheri. Hafsatu tana amsawa da amin, amin.

Da ta ji ba za ta iya ba, ta tashi kamar za ta ɗebo ruwa. Kwanon yana nan kan randa, guda biyar a ciki da ɓarin biyu. Ta ɗauki ɗaya ta zagaya bayan madafi inda ba kowa, ta tsaya ta ciza. Ya yi sanyi, ya yi laushi, amma gishiri ya ji, yaji daidai, ba ƙaya ko ɗaya. Ya yi daɗi ƙwarai. Nan ne kukan ya ƙwace mata, ta toshe baki da mayafi tana tauna tana kuka, don mutum ɗaya ne a duk ƙasar Bunkure da zai iya gaya mata ko irin na Garwa ne ko ba shi ba ne, yanzu kuma aka dawo daga rufe shi.